Birkin gaban motar kanta: inda za a rage kuɗi da inda ba a ragewa

Tambaya: Malam, sana'ar hatsi nake yi. Ina da tsohuwar kanta da nake ɗauko masara da ita daga Giwa da Soba zuwa Zariya. Kwanan nan in direba ya taka birki sai ta fizgi sitiyari gefe guda, man birki kuma kullum sai an ƙara. Bakanike ya ce a sauke gaban duka. Na shiga Sabon Gari an ba ni farashi uku: orijina, ɗan Beljiyam, da wani sabo mai araha. Ga kaka ta matso, kuma cikin jarin sayen kaya zan taɓa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka zaɓi ɗaya cikin ukun nan ka ce shi za a sa wa komai. Kayan birki kashi biyu ne, akwai ƙarfe, akwai roba da layinin (wato abin da ke manne a takalmin birki, wanda ke gogawa ya tsayar da ƙafa), kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Duk abin da yake roba, sabo za ka saya, mai kyau kuma. Robar cikin silindar ƙafa, kit ɗin masta (babbar silindar da ke tura mai in an taka birki), tiyon da ke kai mai zuwa ƙafa, da silin da ke tare giris. Roba ko ba a yi aiki da ita ba tsufa take yi. Silindar da aka kwance daga motar da ta ƙare aikinta a Turai, ta sha jirgin ruwa, ta zo ta kwanta a rumfa cikin zafinmu da ƙurar hunturu, a waje za ka gan ta tas, a ciki robar ta bushe. Man da kake ƙarawa kullum wani wuri yake fita. Ka tsaya a gaban bakanike ya cire dram, wato kwanon ƙarfen da layinin ke kamawa daga ciki, ya ɗaga robar da ke bakin silinda da ɗan yatsa. In ka ga danshi, ko layinin ya yi baƙi yana maiƙo, to ga ɓarawon nan. Ƙafar da ta jiƙe ba ta kamawa daidai da 'yar'uwarta, shi ya sa motar ke fizga. Layinin da ya sha mai kuwa ya tashi daga aiki. Wanke shi da fetur da wasu ke yi yaudarar kai ce, da ya ɗau zafi man zai sake tasowa.

Ƙarfe ne wurin da ɗan Beljiyam ke da rana. Dram na asali da aka kwanto, in bai tsage ba, sau da yawa ya fi sabo mai araha nauyi da juriyar zafi. Amma da awo, ba da ido ba. Galibi akwai lamba a jikin dram da ke nuna iyakar faɗin da cikinsa zai kai. In an juye shi a injin har ya wuce wannan lambar, ko kyauta aka ba ka, bar musu. Mai yiwuwa ma naka na da sauran rai, a ɗan share cikinsa kawai, kuɗinka ya tsira.

Sabon nan mai araha shi na fi tsoro, musamman a layinin. Kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun fi kowa iya buga kwali. Layinin banza a garejin zai kama lafiya lau. Sai motar ta ɗau buhuna, direba ya taka sau uku sau huɗu a jere a cunkoson Kwangila, ya yi zafi, sannan halinsa zai fito. Tsakanin orijina da jabu akwai na kamfanoni masu suna waɗanda ba su kai orijina tsada ba. Tambayi direbobin kanta a tasha wane ne ke kai musu, sun fi mai shago gaskiya a wannan.

Ƙafa biyu za a yi tare, hagu da dama, kaya iri ɗaya. Wanda ya gyara ɗaya ya bar ɗaya, araha ba ta ado ya yi, zai biya kuɗin aiki sau biyu. Tun da an buɗe, a duba boris da sifirin ɗin da ke dawo da takalmin birki, kuɗinsu kaɗan ne. Mai kuma DOT 3 ko DOT 4, wanda aka rubuta a murfin, daga gwangwani rufaffe, domin man birki yana shan ruwa daga iska. A zubar da tsohon duka. Kada a bari baƙin mai ko fetur ya shiga, kumbura roba yake yi.

Yanzu maganar jari. Lissafa abin da motar ke kawo maka a sahu ɗaya lokacin kaka, ka haɗa da kuɗin hayar wata motar in taka ta kwanta a hanyar Soba da kaya a kai. Kwatanta wannan da bambancin da ke tsakanin mai kyau da mai araha. Ban ma kawo maganar rai ba, ko ta jami'an kiyaye haɗurra. Gara ka rage 'yan buhuna a sarin farko da ka ci bashi ko ka rage ingancin kaya. Daga yanzu kuma kowane sahu a ware wa motar nata kason, a aljihu daban.

Wajen saye, je da kanka tare da bakanike, da tsohon kayan a hannu da lambar shasi, domin kanta iri-iri ce, wata silindar ta hagu ba ta shiga dama. Kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban, saboda wani bakaniken yana da la'adarsa a shago. A rubuta maka rasit da sharaɗin canji in bai shiga ba. In Sabon Gari babu, akwai Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Bayan an ɗaura, a fitar da iska daga layin mai, direba ya zaga da ita ba kaya yana takawa a hankali har layinin ya zauna, sannan a dawo a sake saita ƙafafun kafin a yi lodin farko.