Ni ma an taɓa ɗora min wannan aikin a Ruwanda

Salamu alaikum Malam. Tun jiya da daddare na ga tambayarka na kasa wucewa, ka ce firinsifal ɗinku a Alƙahira ya ɗora maka koya wa 'yan'uwanka malamai ɗan Turancin da ake yi da yara a aji, satin farko mutum 14 suka zo, sati na uku saura 3, kuma a cikinsu akwai sa'annin mahaifinka. Wallahi kamar labarina kake bayarwa. A 2012 na je Ruwanda koyarwa, wata sakandare a kudu can wajen Huye, garin da tsofaffinsu har yanzu Butare suke ce masa. Ka san a 2008 gwamnatinsu ta ce an daina karatu da Faransanci an koma Turanci, to mutum ya yi shekara ashirin da wani abu yana koyar da lissafi da Faransanci, rana ɗaya a ce masa gobe da Turanci za ka shiga aji. Har malamai aka riƙa ɗaukowa daga Yuganda da Kenya don su taimaka. Ni kuma da yake ga ɗan Nijeriya ya zo, sai aka ce ai shi kenan faɗuwa ta zo daidai da zama, duk Laraba bayan an tashi in zauna da su.

Waɗanda suka daina zuwa ɗin nan, Malam, ba raini ba ne, ni ma da haka na ɗauka har ina jin haushi. Kunya ce. Babban mutum mai iyali, yara na tsoronsa, ka zaunar da shi yana maimaita "open your books" a gaban ƙananan malaman da shi ya koyar da su, ai da wuya. Ni ban gane haka ba sai da na yi ɓarna.

Ina da wani littafi da nake shiga da shi aji in zauna a baya, duk wanda ya yi kuskure in rubuta, da sunansa da kuskuren, niyyata in san abin da zan koyar ranar Laraba. Su matsalarsu l da r ce, sai ka ji "play" ya koma "pray", ga kuma Faransanci da ke biyo su, mutum ya ce "I have forty years", ko ya ce yara su fito da "cahier", wato littafin rubutu da Faransanci. Sai mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, wani matashi mai son a san da shi, ya zo min da murmushi wai in ara masa littafin zai rubuta rahoto ya nuna aikina na tafiya. Ni kuma da wauta na miƙa masa, har ina jin daɗi wai an yaba min. Ranar mitin ɗin malamai mutumin nan ya buɗe littafina a gaban kowa ya fara karantowa, suna bayan suna, wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, yana kwaikwayon muryarsu yana dariya, yana cewa ga abin da baƙonmu ya gano. Baƙonmu fa! Wato ni ne ɗan leƙen asiri. Da ya zo kan wani dattijo malamin lissafi, wanda kowa ke ce wa Muzehe, wato tsoho, ya karanta kurakurai har shida, dattijon bai ce uffan ba, ya naɗe takardunsa ya sa a jaka ya miƙe ya fita a hankali. Har yau in na tuna tafiyar nan tasa sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Shi kuma wancan ko a jikinsa, bayan mitin har yana dafa kafaɗata wai yanzu za su dage. Allah ya isa ban ce masa ba a baki, amma na faɗa a zuci ya fi sau ɗari. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, shi kansa Turancin nasa ba wani na kirki ba ne, in zai yi wa yara jawabi sai ya kawo min takarda in gyara masa a ɓoye, bai taɓa zuwa ajin Laraba ba ko sau ɗaya, shi ya fi ƙarfin nan.

Wata biyu in na shiga ofishin malamai sai hira ta mutu. Shayin ƙarfe goma ni kaɗai nake sha a gefe. Ga ruwan sama ba ya ɗaukewa, ga ba masallaci kusa, sai ran Juma'a in hau babur zuwa cikin gari, wani lokacin in bi mota har Nyamirambo a Kigali don kawai in ji kiran salla in ci abinci cikin Musulmi. Na kira gida na ce wa Hajiyarmu ni fa zan dawo, ta ce in ka ɓata wa babba rai gidansa ake bin sa, ba a ofis ake ba da haƙuri ba.

Haka na yi. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan aikin gayya da suke kira umuganda, na sayi sukari da ganyen shayi na je gidan Muzehe. Ban yi dogon bayani ba, na ba shi haƙuri na yaga shafukan a gabansa, sannan na roƙe shi ya koya min yadda ake ce wa yara su yi shiru da yarensu. Ya ce "muceceke". Na faɗa, matarsa daga kicin ta fashe da dariya. Sai ya ce in ce "fifty five", na faɗa da bakin Bahaushe, ai ka san mu da p da f, ya yi ta dariya har da hawaye ya ce ashe kai ma kana da naka. Wannan dariyar ce ta gyara komai. To kai ma Larabawanka da ke cewa "bebsi" da "blease", ka bari su fara kama ka tukuna, ka sa su koya maka yadda suke cewa ku buɗe littafi da Larabcin Masar, ka yi kuskure su gyara ka a gaban juna.

Kuma don Allah kar ka rubuta sunan kowa a ko'ina. In firinsifal ya nemi rahoto ka ba shi jimlolin da aka koya da yawan waɗanda suka zo, iyakarta ke nan. Kar ka taɓa gyara malami a gaban ɗalibai ko da ya ce "close the light", mu ɗin ma ai "off the fan" muka tashi muna ji a firamare kuma ba mu mutu ba.

Na soke zaman bayan tashi gaba ɗaya, mutum ya gaji yana tunanin motar gida da cefane wa zai saurare ka. Muka koma minti goma sha biyar lokacin shayi, jimla biyar kacal a sati. Kuma ba ni ke zaɓa ba, sai in ce kowa ya faɗa min abin da ya fi yawan faɗa wa yara, mai kimiyya nasa daban mai motsa jiki nasa daban. Nahawu kuwa ko kusa, da ka fara maganar tensis ka kore su. Irin su "turn to page ten", "work in pairs", "who can try?", "raise your hand", "time is up". Na rubuta a ɗan kwali na manna a kan teburin malami inda shi kaɗai zai gani, don da na fara mannawa a bango yara suka haddace kafin malaman suna riga su faɗa, abin ya zama wata kunyar. Wadda suka fi so duk cikinsu ita ce "let us check it together", saboda babban tsoronsu yaro ya yi tambaya da Turanci su rasa amsa. Yanzu ma ka fi ni sauƙi, ka yi musu saƙon murya a WhatsApp kowa ya saurara a ɗakinsa ba mai ganinsa, lokacinmu yawancinsu ƙananan wayoyi ne a hannunsu.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, wannan ƙarin aikin biyanka ake yi ko kuwa? Don ni shekara biyu na yi ko sisi ba a ƙara min ba, ba a rage min darasi ko ɗaya ba, da na yi magana aka ce ai taimakon 'yan'uwa ne. Mu baƙar fata in muna koyar da Turanci a waje haka ake mana, aikin a kanmu, amma ranar da Bature ya leƙo makaranta ko da yawon buɗe ido ya zo, shi za a ɗauka hoto da shi a sa a kalanda. Ka nemi a rage maka ko darasi biyu a sati, kuma a rubuce, tun yanzu da suke buƙatarka.

Mutum ukun nan da suka rage ka riƙe su da kyau, ni da biyu na sake farawa, Muzehe da wata malamar bayoloji, sauran da kansu suka riƙa jawo kujera da kofin shayinsu. Ina jin har yanzu ina da takardar jimlolin a tsohuwar kwamfutata, in na samo caja zan ɗauki hotonta in turo maka. Ka gaya min darussan da mutum ukun suke koyarwa, da ajin da suke shiga, don na 'yan firamare daban yake da na manya.