Zuciyata Tana Tsayawa, Sannan Ta Buga da Ƙarfi

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata biyu ke nan, idan na kwanta da dare sai in ji kamar zuciyata ta tsaya cak, sannan ta yi wani bugu mai ƙarfi har cikin maƙogwarona. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce ƙarancin kalsiyam ne, ya haɗa mini ƙwayoyinsa da wani magani da ya kira na ƙarfafa zuciya. Ina cikin fargaba.
Wani ɗan kasuwa, Fagge.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka kwatanta ya fi kama da bugun riga-lokaci. Bugu ne da yake zuwa kafin zuciya ta cika da jini, kuma kafin rumbun kalsiyam da ke cikin ƙwayoyin tsokarta ya shirya sake buɗewa, shi ya sa yake fitowa da rauni har ba ka jin sa. Bayansa sai a ɗan jinkirta, jini ya cika zuciyar sosai, kalsiyam ɗin da bai fita ba ya haɗu da sabon da ya shigo. Bugun da ya biyo baya sai ya saki wannan tarin gaba ɗaya, kuma shi ne dukan da kake ji a maƙogwaro.

Maganar mai kemis ce ta fi damuna, domin kusan kullum ina cin karo da ita a asibiti. Matsalar tana ga lokacin da kalsiyam yake shiga da fita cikin ƙwayar tsoka, kuma ƙwayar da ka haɗiya ba ta gyara lokaci. Maganin da ake kira na ƙarfafa zuciya kuwa sau da yawa digoxin ne, wanda aikinsa shi ne ƙara tara kalsiyam a cikin tsokar. Idan ya yi yawa, shi kansa yana haddasa irin wannan bugu da wanda ya fi shi muni, musamman ga mai shan maganin sa fitsari wanda fotasiyam ɗinsa (wani gishiri na cikin jini) ya ragu, ko mai ciwon ƙoda. Ko a hannun ƙwararru, danne wannan bugu da magani ba abin wasa ba ne: a 1989 wani babban bincike a Amurka ya nuna wasu magungunan da suke danne shi sun ƙara yawan mace-mace ga waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya. To, ina ga wanda bai taɓa ɗora na'urar sauraro a ƙirjinka ba? Ran mutum amana ne, kuma mai sayar da magani da ka zai amsa tambaya a gaban Allah.

Ka ɗauki magungunan a kwalinsu ka je Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala cikin makon nan. A yi maka ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya take bugawa, da gwajin gishirin jini, in da hali a ɗaura maka na'urar awa 24 mai naɗar bugun zuciya, domin idan irin wannan bugu ya haura kashi 10 cikin 100 na dukkan bugun zuciyarka yana iya raunana zuciya a hankali. Ka rage goro da lemon ƙara kuzari. Idan ka suma, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya gagara, ko ƙafa ta kumbura, kada ka jira gari ya waye.