Karo-karo don direban sauti a Linux: me kuɗin zai saya?

Tambaya: Malam, muna da situdiyo a Kano, mun koma Linux, amma akwatin ɗaukar sautinmu na USB ba ya aiki yadda ya kamata. Abokan sana'a sun ce mu yi karo-karo a biya wani ya rubuta direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da na'urar. Ta ina za mu fara?

Amsa: Kafin kowa ya zaro kwabo, ku buga umarnin lsusb a kwamfutar ku ga lambar kamfani da ta na'urar, sannan aplay -l, mai jera na'urorin sauti. In ta bayyana, to direban snd-usb-audio na ALSA, tsarin sauti na Linux, ya riga ya gane ta, don yawancin irin waɗannan akwatuna suna bin ƙa'idar sauti ta USB. Abin da kan rage shi ne sarrafa cikinta: haɗa layukan sauti, ƙarfin makirufo, kunna wutar 48V da wasu makirufo ke buƙata. Wannan kowane kamfani da nasa sirrin.

Nan kuɗin zai tafi. Dole mai aikin ya riƙe na'urar a hannunsa, ya kunna manhajar kamfanin a Windows, ya naɗi saƙonnin USB da manhajar Wireshark, ya taɓa maɓalli ɗaya, ya duba lambar da ta canza, ya sake. Kowane samfuri sai an saya masa nasa. Irin aikin da Geoffrey Bennett ya yi wa akwatunan sauti na Focusrite Scarlett ke nan: zubi na uku ya shiga kanel (zuciyar Linux) 5.14 a 2021, ƙananan na zubi na huɗu suka shiga 6.8 a 2024.

Sharaɗin da ba za ku sassauta ba: a saki aikin da GPL, lasisin manhajar da kowa zai iya gani da gyarawa, a tura wa masu kula da ALSA har ya shiga kanel ɗin kansa. Sabon kanel na fitowa duk mako tara zuwa goma, direban da aka bari a waje kuwa yakan daina haɗuwa da shi. Ku raba biya uku: sayen na'ura, gwajin farko, ranar da aka karɓi aikin a kanel.

Tambaya: Gwajin na iya lalata kaya?

Amsa: Ƙwarai. Asahi Linux, aikin sa Linux ya yi aiki a sababbin kwamfutocin Apple, wanda Hector Martin ya fara da karo-karo ta shafin Patreon a ƙarshen 2020, ya daɗe da lasifikan MacBook a kashe, domin manhaja ce ke hana su ƙonewa. Sai da aka rubuta manhajar speakersafetyd, mai ƙiyasta zafin wayar da ke cikin lasifika daga wutar da lasifikar ke ja, aka buɗe su a 2023. Ku rage murya, ku cire lasifikan aiki kafin gwaji.