Amsa ga mai tambaya kan gidan Farnesina na Roma

Ƙanwata, na ga tambayarki cewa kina son kai Hajiya da yara Villa Farnesina, tsohon gidan nan mai zane-zane a bango, amma kina tsoron zanen tsiraici, kuma ba ki san hanya ba. Wallahi sai da na ji abin ya dawo mini sabo, don ni ma da surukata na je, mai fama da ciwon gwiwa.

Kada ki yarda ki ce wa mai tasi Farnesina kawai ki yi shiru. Mu har adireshin maigida ya nuna wa mutumin a waya, Via della Lungara, ya gyaɗa kai ko kallo bai yi ba. Muna tafe muna tafe, na ga kogi bai ƙare ba, tsofaffin gine-gine sun ƙare. Sai ga mu gaban wani ƙaton farin gini da jami'an tsaro a bakin ƙofa, can arewa kusa da filin wasa na Olimpiko. Ashe ma'aikatar harkokin wajen Italiya ce, ita ma haka ake kiranta. Da maigida ya yi magana sai mutumin ya ɗaga kafaɗa, wai abin da muka faɗa ke nan. Mita kuwa tana ta ci. Ya dawo da mu, ya caje mu zuwa da dawowa, ko haƙuri bai ba mu ba, har yana wani huci kamar mu muka ɓata masa rana. Surukata tana baya tana ta salati, ƙafa ta kumbura, yaro yana kukan ƙishi. Har yau in na tuna yadda ya karɓi kuɗin nan yana kallon gefe raina ɓaci yake. Allah ya isa dai ban ce ba, amma saura kaɗan.

Lokacin da muka je ƙarfe 2 na rana ake rufewa, don haka a guje muka yi kallon. Ki duba lokaci kafin ku fita, ku tafi da safe. In kuna tsakiyar gari ku tsallaka gadar Sisto zuwa unguwar Trastevere, ku bi ta ƙofar Settimiana, gidan yana nan gaba kaɗan. Sai dai duwatsun titin nan ba sa raga wa mai ciwon gwiwa, a sa mata takalmi shimfiɗaɗɗe.

Tsiraici kam akwai, ba zan ɓoye miki ba. Wani attajirin banki ne ɗan Siena, Agostino Chigi, ya sa mai tsara gine-gine Peruzzi ya gina masa gidan daga 1506, ya kira shahararren mai zane Raphael da yaransa suka cika bango da rufi da labaran gumakan Girka da Rum. Fitaccen zanen, Galatea, mace ce a kan ƙwaryar teku, kifaye biyu na janta, tufafin ba su kai a kira su tufafi ba. Ni na wuce da yara da sauri, ke kika san naki.

Amma abin da ya wanke mini zuciya yana falon ƙasa mai kallon lambu. Ki ɗaga kai ki bar mutanen, ki dubi damin ganye da 'ya'yan itatuwa da Giovanni da Udine ya zagaye su da shi. Surukata da ta yi ta kawar da kai ce ta fara nuna wa da sanda, ga kabewa, ga masara da gashinta. Masarar nan kuwa an zana ta wajen 1518, shekara 26 kacal bayan Kolumbus ya isa Amurka inda aka samo ta. Tun filasta tana ɗanya ake shafa launin, shi ya sa ya kama bango haka. Nan ne yara za su daɗe, ki sa su gasar gano 'ya'yan itace.

A sama kuma akwai ɗakin da Peruzzi ya zana ginshiƙai, ta tsakaninsu kina hango Roma ta wancan zamani, ƙaramin nawa har hannu ya kai zai leƙa, mai gadi ya daka masa tsawa. A bangon akwai rubuce-rubucen da sojojin haya na Jamus suka karce bayan sun wawashe birnin a 1527. Matakala ce dai, ki fara tambaya a ƙofa yadda za a hau da Hajiya.

Ki ba yara labarin Chigi mai gidan ma, ana cewa bayan walima sai ya sa a watsa kwanukan azurfa cikin kogin Tiber baƙi na kallo, alhali ya sa an shimfiɗa raga a ƙarƙashin ruwa.

Af, ban ga wurin salla a ciki ba, babban masallacin Roma kuma yana da nisa daga nan. Ku fito da alwala, ki jefa 'yar darduma a jaka. Ki kuma riƙe gorar ruwa, famfunan kan titi ana shan ruwansu. Ki gaishe mini da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.