Dalilin da ya sa ba ma taɓa zoben saiti a kan titi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka karɓi tsohuwar kyamarata Pentax K1000 daga hannun innarka, kana tambayar me ya sa mu tsofaffin masu hoto muke murɗa zoben saitin gilashin kyamara, wato mai daidaita nisan da hoto zai fito fes, tun daga gida, mu fita ba mu ƙara taɓa shi ba. Har ka ce ko camfi ne. Na yi dariya sosai.

Doki ne ya koya mana. Ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, in mahaya suka sako a guje za su yi jafi, kafin ka gama lalubo saiti ƙura kawai za ka tarar. Fim kuwa ɗauka 36 ne a naɗi, kowace ɗaya kuɗi ce.

Ɗauko gilashin ka duba jikinsa. Akwai lambobin nisa da mita, a ƙarshensu wata alama kamar 8 a kwance, ita ce iyakar gani. Kusa da su akwai lambobi biyu-biyu, dama da hagu: 4, 8, 11, 16. Sa ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta cikin gilashin, a 8, ka murɗa zoben saiti har 8 ɗin nan na kwance ya hau kan 8 na gefe. In gilashin mai milimita 35 ne, saitin zai tsaya wajen mita 5, kuma komai daga mita 2 da rabi har can nesa zai fito fes. A irin wannan saitin, rabin nisan da ka saita, nan tsabtar hoto take farawa. Mai milimita 28 ya fi yafiya, mita 3 da ɗoriya ya ishe shi. Mai 50, wanda na bari a jikinta, rowa gare shi: sai wajen mita 10, duk wanda ya matso ƙasa da mita 5 dishi-dishi zai fito. Na yi asarar fim da yawa kafin na yarda da haka.

Amma ni ban cika bin nesa ba. Da hunturu hazo ya riga ya cinye Dala, me zan nema a can? Sai in sa mai 35 a mita 3, in samu daga kusan mita 2 zuwa 7, inda fuskokin mutane suke. A lungunan Kurmi kuwa haske kan yi ƙaranci, ƙofar haske a 8 ba ta ɗorewa sai da fim mai lamba 400, wanda ba ya buƙatar haske da yawa.

Wani amfanin da ba a faɗa: tunda idonka ba ya maƙale a kyamara, bakinka ya samu sarari. Ka yi sallama, ku gaisa da mai rumfa, in ya amince ka ɗaga ka danna sau ɗaya. Matar aure kuwa ba ma ɗaga mata kyamara a hanya, ko da saitin ya yi daidai.

Ka auna taku nawa ne mita 3 a tsakar gida, ka riƙe shi a ka. Ka gaida innarka, ka ce ta duba cikin adaka, gilashin mai 35 yana naɗe a tsohuwar hulata.