Amsa kan kuɗin lasisin talabijin na BBC: a biya ko a bari?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya babba ina gaisuwa, Hajiya ina wuni. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, yanzu na taso daga aiki, ina zaune a mota ban ma shiga gida ba.

Ɗana, na ga hoton takardar da ka turo, wadda aka jefo muku a gidan da kuke haya a Manchesta, kuma na ji tambayarka. Ka ce wai dole ne sai ka biya kuɗin lasisin talabijin alhali kai ba ka kallon BBC, kuma ko abin da suke nunawa ya kai wannan kuɗi. Na kuma ji Yaya ya ce wannan ai ƙwace ne da rana tsaka, mutum ya sayi talabijin da guminsa a ce sai ya biya kafin ya kunna. To bari in fara kwantar maka da hankali, sannan in zo kan maganar Yaya, don ita ce ta fi taɓa ni.

Takardar nan ba kai kaɗai aka aiko wa ba. Duk adireshin da ba su ga lasisi a kansa ba sai sun tura masa, kuma kalamanta da zafi, shi ya sa sabon zuwa yake firgita. Dokar kuwa a fili take. Idan kana kallon shiri a daidai lokacin da ake watsa shi, wato kai-tsaye, a kowace tasha, ko BBC ce, ko ITV, ko Sky, ko ƙwallon da ake nunawa kai-tsaye ta intanet, sai da lasisi. A waya kake kallo ko a kwamfuta, duk ɗaya ne. Haka nan in kana buɗe iPlayer, wato manhajar BBC ta kallon shirye-shiryenta a intanet, tun 2016 aka sa shi cikin dokar. Amma idan Netflix ne kawai, ko bidiyon da aka riga aka ɗora a YouTube, babu ruwanka. Sai ka shiga shafinsu ka cike cewa ba ka buƙata, su rage damunka da takardu. Rediyo kuma kyauta ne, tun 1971 aka soke lasisinsa.

Kuɗin, a farashin da aka sa a Afrilun 2025, fam 174.50 ne a shekara, kuma kan gida ake biya, ba kan mutum ba. Ku da kuke haya ku huɗu, ka duba takardar hayarku. In yarjejeniya ɗaya kuka sa wa hannu tare, lasisi ɗaya ya ishe ku, ku raba kuɗin. In kowa da tasa yarjejeniyar ta ɗakinsa, to kowa da nasa. Wanda aka kama yana kallo babu lasisi, ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000, kuma a kotu ake yi. Kai da kake kan bizar karatu, don Allah kada ka yi wasa da abin da zai kai sunanka kotu. Na san kuna kallon Firimiya a gidan nan, don haka ku biya.

To yanzu maganar ko ya kai kuɗinsa. Ni shekarata goma sha uku ina biya, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Amma ba don dalilin da mutane suka saba kawowa ba.

Abin da aka saba cewa shi ne, ka raba kuɗin nan, kusan fam 14 da rabi ne a wata, bai kai kwabo 50 a rana ba. Da shi kana samun tashoshin talabijin, da rediyon ƙasa, da na garuruwa kusan arba'in, da labarai, da hasashen yanayi, da Gasar Cin Kofin Duniya da suke rabawa da ITV, duk babu talla. Wannan gaskiya ne. Ni abin da na fi ganin amfaninsa a gidana yara ne. Ƙannenka sun taso da CBeebies, tashar BBC ta ƙananan yara, sai ka bar yaro gaban talabijin ka shiga kicin hankalinka kwance, babu mai katse shiri ya tallata masa alewa ko caca. Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe makarantu, darussan Bitesize da BBC take ɗorawa a intanet ne suka riƙe mana su, lissafi da Turanci da kimiyya, bisa manhajar makarantarsu. Da malamin lesin na ɗauka, kuɗin wata ɗaya ya cinye na lasisin shekara.

Amma kai za ka ce min ba ka da yara, ba ka kallon komai nasu. Kuma ka yi gaskiya. In da lissafin abin da kake kallo ne kawai, saurayi irinka zai iya cewa bai ci riba ba. Shi ya sa na ce dalilina daban ne.

Yaya, ka tuna rediyon Baba, Allah Ya jiƙansa? Ƙaramar nan mai jakar fata, da yake jan eriyarta yana murɗa ta a hankali a gajeren zango har muryar Landan ta fito. Bayan sallar asuba, da rana, da kuma dare bayan isha'i. In ana labarai ba mai tari a zauren. Maƙwabta su zo su zauna a tabarma, a gama, sannan a shiga tattaunawa. Ranar da aka yi juyin mulki, gidajen rediyon ƙasa suna ta kiɗan soja, kowa Landan yake jira ya ji wa ya hau, wa aka kama. A Kano ko a Damagaram, in mutum ya ce "BBC ta faɗa", gardama ta ƙare. Sashen Hausa tun Maris ɗin 1957 yake magana, tun kafin Najeriya da Nijar su sami 'yanci. Mu mun tashi da Amsoshin Takardunku, da Ra'ayi Riga, da Gane Mini Hanya. Baba bai taɓa biyan ko sisi ba sai kuɗin batir.

To wa yake biya? Da can Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ce take ɗaukar nauyin sashen ƙasashen waje, daga harajin mutanensu. Daga Afrilun 2014 aka mayar da nauyin kan kuɗin lasisi, daga baya gwamnati ta dawo tana ƙara wani kaso. Ma'ana, labaran da Hajiya take ji yau da safe a wayarta, mafi yawan kuɗinsa daga aljihun direban bas na Birmingham ya fito, da ma'aikaciyar jinya, da ni. Ranar da na fara gane haka, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Shekara da shekaru wasu mutane da ba su san mu ba, ba su jin ko kalma ɗaya ta Hausa, suna biya muna sha. Yanzu Allah Ya kawo ni inda ake biyan, in ce ni ba zan sa hannu ba? Ba zan iya ba.

Kuma ba tsohon zance ba ne kawai. Ku tuna 2018, binciken da suka yi kan maganin tari mai kodin, yadda yake lalata matasanmu, har da Kano suka nuna. Kowa a unguwa ya san matsalar, iyaye suna kuka, shiru kake ji. Da binciken ya fito, cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi. Irin wannan aiki watanni yake ci, da kuɗi, da lauyoyi, da haɗarin rai. Tashar da kamfanin magani yake ba ta talla za ta yi shi? Tashar da gwamna yake biyan albashinta za ta yi shi? Ga kuma gasar Hikayata ta rubutun gajerun labarai, tun 2016, mata nawa ne suka fara ɗaukar alƙalami da gaske saboda ita.

Nan ne hikimar lasisin take, Yaya. Wanda ya biya makaɗi shi ake yi wa kiɗa. In 'yan kasuwa ne suke biya, su za a yi wa. In gwamnati ce take biya daga kasafinta, kowace shekara sai an je an durƙusa mata. Mun san yadda labaran gidajen rediyon jihohinmu suke, a fara da mai girma gwamna, a bi da uwargidansa, a rufe da kwamishina. Ba laifin ma'aikatan ba ne, akwai ƙwararru a cikinsu, amma wa zai ciji hannun da yake ba shi tuwo? Shi lasisi, tun da aka fara shi a farkon shekarun 1920 a kan sule goma, manufarsa mai sauraro ya zama shi ne mai gida. Mu ma fa a Najeriya, a tsarin mulkin 1999, an ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. Bambancin shi ne namu haraji ne da yake shiga asusun ƙaramar hukuma, nasu kuwa an san gidan da yake ciyarwa.

Ga shi mun ga abin da yake faruwa da tashar da ke rataye a wuyan gwamnati kaɗai. Muryar Amurka, sashen Hausarta tun 1979 yake aiki, a Maris ɗin 2025 da umarni ɗaya daga fadar shugaban ƙasa aka yi tsit. Mutanen da suka saba da ita shekara arba'in da wani abu suka kunna suka ji wayam.

Kada ku ɗauka ina wanke su tas. A'a. Akwai abubuwan da suke ci min rai, kuma zan faɗa.

Babbansu shi ne yadda ake karɓar kuɗin. Attajirin da yake da gida mai ɗaki goma a Landan da bazawarar da take goyon yara uku a gidan haya na gwamnati, kuɗi ɗaya suke biya. Wannan ba adalci ba ne. Kuma in ka duba waɗanda ake gurfanarwa a kotu kan rashin lasisi, kusan kashi uku cikin huɗu mata ne, saboda su ake tararwa a gida in an ƙwanƙwasa ƙofa, kuma yawanci masu ƙaramin ƙarfi ne. A kai uwa gaban alƙali saboda ta kunna wa 'ya'yanta talabijin, wannan abin kunya ne ga ƙasa mai arziki. Tsofaffi 'yan shekara 75 zuwa sama da kyauta ake ba su, a 2020 aka janye, sai mai karɓar tallafin fansho na marasa ƙarfi. Makafi kuma rabi suke biya.

Sannan 'yancin da nake yabo ba cikakke ba ne. Gwamnati ce take yanke nawa za a biya, ita take zaɓen shugaban hukumar gudanarwa. Ta daskarar da kuɗin a fam 159 na shekara biyu alhali kaya suna ta tsada, kuma mun ga sakamakon. A Janairun 2023 aka rufe rediyon sashen Larabci, wanda yake magana tun 1938. Shekara tamanin da biyar. Da na ji, abin da ya faɗo min a rai shi ne, in an iya rufe na Larabci, na Hausa ma ba shi da tabbas. A shekarar dai shugaban hukumar, Richard Sharp, ya sauka saboda bai bayyana hannunsa a maganar bashin da aka nema wa Boris Johnson lokacin yana firaminista ba. Ga badaƙalar Jimmy Savile da ta fashe a 2012, mai gabatar da shirye-shiryensu da ya shekara da shekaru yana lalata da yara yana fakewa da sunan gidan. Ga yadda da yawa daga cikinmu Musulmi muke jin zafin kalmomin da suke zaɓa in suna ba da labarin Gaza. Ni kaina na rubuta musu ƙorafi, kuma don ina biya ne na ji ina da bakin magana. Ai ko shugabanninsu majalisa tana kiran su ta yi musu tambayoyi a bainar jama'a, kuma tashar da kanta take ba da labarin abin kunyarta.

Wasu ƙasashen sun sake hanya. Faransa ta soke nata lasisin a 2022, ta koma ɗiba daga harajin kayayyaki. Jamus kowane gida yana biyan yuro 18.36 a wata, ko da talabijin ko babu, amma ana yafe wa masu karɓar tallafi. A nan ma yarjejeniyar sarauta da BBC take aiki a ƙarƙashinta za ta ƙare a ƙarshen 2027, ana ta muhawara kan abin da zai biyo baya. Ni fatana a bar kuɗin a hannun jama'a, a sa mai hali ya biya da yawa, mara hali ya biya kaɗan ko a yafe masa, a daina kai talaka kotu. Abin da nake tsoro shi ne a mayar da ita ta 'yan rajista irin Netflix. Ranar da aka yi haka, wanda zai fara tafiya shi ne duk abin da ba ya kawo riba, kuma manomin da yake sauraro a ƙauyen Maraɗi ba ya cikin lissafin ɗan kasuwa.

Yaya, na san za ka ce ai Turawa ba don Allah suke yi ba, muradinsu suke karewa. Ban musa ba, tun asali don muryar Birtaniya ta kai nesa aka kafa sashen. Amma Baba da saninsa yake saurare, yakan ji Landan, ya murɗa ya ji Jamus, ya ji Kaduna, sannan ya yanke nasa hukuncin. Abin da ba na so shi ne a wayi gari babu abin murɗawar.

Ɗana, ka turo min ta gefe hoton shafin farko na takardar hayarku, in duba maka ko lasisi ɗaya ya ishe ku. In ɗaya ne, a farashin 2025 kason kowa fam 43 ne da 'yan kwabbai. Kuma in za ka zo gida hutun bazara gidan ya zama babu kowa, ana iya neman a dawo da kuɗin watannin da suka rage, zan nuna maka yadda ake yi. Hajiya a ci gaba da sa mu a addu'a. Bari in shiga, magariba ta gabato. Sai anjima.