Zumunta a Ƙafa Take ko a Kafa? Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kusan duk a wuri guda suka taru, wato maganganun da ake yi a waya, musamman na siyasa. Na zaɓi waɗanda suka shafi harshe. Masu son jin jam'iyyar da nake goyon baya su yi haƙuri, wannan fili ba na wannan ba ne.

Wani matashi daga Mabera: Malam, wanne ne daidai, "kafafen sada zumunta" ko "kafofin sada zumunta"? Kuma tun da Hausawa sun ce "zumunta a kafa take", ashe tun da can sun hango zuwan Facebook ke nan?

Ba su hango ba, ɗana. Lanƙwasar harafin ƙ ce ka yar a rubutunka, ita ta kai ka ga wannan fassara. Kafa daban, ƙafa daban. Kafa ita ce 'yar ɓular da abu ke bi ya wuce: kafar allura, kafar hanci, kafar da ruwa ke bi ya fice daga gida. Daga nan aka samo "wane ya sami kafa", wato ya sami hanyar shiga. Jam'inta kafofi, kamar ƙofa da ƙofofi. Kafafe ya zauna a bakin 'yan jarida har kunne ya saba da shi, ba na kuma cewa laifi ne, amma ni kafofi nake rubutawa.

Karin maganar kuwa ƙafa take nufi, wadda ake takawa. Zumu shi ne ɗan'uwa, na jini ko wanda zama ya mayar kamar na jini, kuma abin da magabata ke faɗi shi ne zumunta ba ta tsayuwa sai an tashi an je. Dubiya, barka, gaisuwar mutuwa, duk da ƙafa ake yin su. Abin da ke damuna shi ne in ga an yi rasuwa a Runjin Sambo, mutum yana zaune a Mabera, duk a cikin garin Sakkwato, lafiyarsa ƙalau, sai ya tura hoton addu'ar da wani ya tsara a zauren dangi na WhatsApp, ya ɗauka ya sauke nauyi. Bai sauke ba. Wanda ke Legas ko Makka ko Kumasi shi ke da uzuri, kuma a wurinsa waya rahama ce babba. Mun ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan ta Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Isa da Sabon Birni. Ina da dangi a wannan yanki, hanya ba ta biyuwa cikin kwanciyar rai, waya ba ta shiga, sai a tasha nake ba direba saƙo in jira ya dawo da amsa. Don haka ba na raina waya. Cewa nake ta isar da gaisuwa inda ƙafa ta kasa zuwa, kada ta zaunar da ƙafar da ke iya zuwa.

Bari in koma kan lanƙwasa, don ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ranar zaɓe wani ya rubuta "mutanenmu sun fito daidai". Magoya bayansa suka yi ta murna, ashe ɗaiɗai yake nufi, kuka yake yi ba kowa a layi. Wani ya rubuta "baki sun bata gari", ka tsaya kana lalube ko baƙi ne, ko baki ne, ko ɓata ne. Haruffa ne kaɗan, ɓ da ɗ da ƙ, kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa, minti biyu ya isa a saka ta. Wanda zai yi awa uku yana gardama a kan gwamna bai rasa minti biyu ba.

Daga Gidan Igwai: Me za mu kira "guruf", irin na WhatsApp, da Hausa?

Zaure. Mutane sun riga sun zaɓa, kuma sun zaɓa da kyau, don zaure yana da mai shi, yana da sallama, ana kuma iya fitar da marar ladabi. Inda kowa ke shiga ba izini, wannan dandali ne, kalmar da muka aro daga Barebari.

Wata malamar makaranta daga Arkilla: Malam, kakata idan yaro ya yi taurin kai sai ta ce "a bi shi da siyasa". Ni kuwa siyasar da nake gani a waya zagi ce zalla. Kalma ɗaya ce?

Kalma ɗaya ce, Malama, kuma kakarki ce ke riƙe da asalinta, Allah ya saka mata. Daga Larabci muka aro ta. A can tushenta yana nufin kula da abu da sarrafa shi cikin dabara, har mai kiwon doki da horar da shi sa'is ake ce masa, daga tushe guda. Wanda ya taɓa riƙe linzamin doki mai ƙarfi ya san ba a samun kansa da duka kaɗai. Da wannan ma'ana ta shigo Hausa: lallashi, sassauci, iya zama da mutane. "Wane ba shi da siyasa" a bakin tsofaffi ba ta nufin ba shi da katin jam'iyya, tana nufin yana da garaje, ba ya iya tausasa magana.

Mu mutanen Sakkwato bai kamata a tuna mana wannan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafi mai suna Usulus Siyasa. Abin da ke ciki shi ne shugaba ya ji tsoron Allah, kada ya zama mai kwaɗayin mulki, ya kasance mai sauƙin hali, ya kusanci malamai, ya kula da manoma da maƙera da marina da sauran masu sana'a, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Wannan suka kira siyasa. Ma'anar jam'iyya da ƙuri'a daga baya ta zo, a zamanin jam'iyyun NPC da NEPU cikin shekarun 1950, kuma ba ni da ja da ita, harshe yana faɗaɗa. Inda nake ja shi ne sabuwar ma'ana ta uku da ke kunno kai, inda mutum zai yi wa wani ƙazafi a Facebook, a yi masa magana ya ce "ai siyasa ce". A nan an juya kalmar ta koma kishiyar kanta. Abin da aka sani da tausasawa ya zama hujjar cin mutunci. Duk lokacin da na ji ta a haka sai na gyara wa mai faɗi, ko ɗalibina ne ko sa'ana.

Daga Bodinga: 'Yan adawa ko 'yan hamayya?

Duka biyun suna yawo, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Adawa a Larabci ƙiyayya ce, 'yar'uwar aduwwu, maƙiyi. Hamayya kuwa ja-in-ja ce tsakanin masu neman abu guda, shi ya sa muke cewa abokin hamayya, da kalmar aboki a gaba. Na fi son ta. Waziri Ibrahim na jam'iyyar GNPP ya shahara a zaɓen 1979 da taken "siyasa ba da gaba ba", kuma na ga yaran yanzu suna karanta shi kamar gaba ta gaba da baya. A ja wasalin, gaba ce ta ƙullatar juna, wadda ke hana gaisuwa.

Wani ɗalibi daga Dundaye: Mene ne bambancin muhawara da gardama da musu da cacar baki?

Muhawara tana da sharaɗi: ka faɗi, ka yi shiru, a ba ka amsa, kuma kowa ya zo da hujja. Musu shi ne a ce abu ya faru ka ce bai faru ba, ana kuma iya kashe shi da shaida. Gardama ta fi shi taurin kai, mai gardama ko an kawo shaidar zai nemi wata ƙofa. Cacar baki kuwa ka duba kalmar farko, caca: ka zuba in zuba, kowa na son ya cinye, ba wanda ya damu da inda gaskiya ta kwana. Idan aka ƙara zafi ta zama sa-in-sa. Masu rubuta "muhawara ta ɓarke a TikTok" su lura, muhawara ba ta ɓarkewa, shirya ta ake yi. Abin da ke ɓarkewa ce-ce-ku-ce ne.

Daga Illela: Me ya sa ake ce wa labarin ƙarya ƙanzon kurege?

Ƙanzo a gindin tukunyar tuwo ake samun sa. Kurege ba ya girki, to ina zai sami ƙanzo? Labarin da ba shi da tukunyar da ya fito ke nan, kuma ya fi "labarin bogi" daɗi a kunne nesa ba kusa ba.

Daga Tudun Wada: Na ga ana cewa wane ya "wallafa" a shafinsa. Daidai ne?

Ya zama ruwan dare, gidajen rediyo ma haka suke faɗi, amma ni har yau yana yi mini nauyi. Wallafa aikin mawallafi ne: ya tattara, ya tsara, ya duba, ya fitar da abin da zai tsaya a kansa. A garin da Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello suka bar littattafai masu yawa haka, ina jin kunyar in kira layi biyu na zagi wallafa. Muna da rubuta, muna da saka, muna da ɗora. Wane ya ɗora hoto, wance ta rubuta a shafinta. A bar wallafa ga wanda ya yi aikinta, ko a takarda ne ko a intanet, don akwai matasa masu dogon rubutu mai ma'ana a can, su kam sun cancance ta.

Wata ɗaliba daga Gwiwa: Baba Malam, na yi sharhi a ƙarƙashin wani rubutu na ce "abin da munka gani ga zaɓen ga", sai aka bar maganar zaɓe aka koma yi mini dariya wai ban iya Hausa ba. Kuskure na yi?

Ba ki yi kuskure ba, ɗiyata, kuma kada ki goge. Munka, kunka, sunka da anka tsofaffin siffofi ne da Hausar yamma ta riƙe, Hausar gabas ta gajarta su zuwa muka, kuka, suka da aka. Ki duba waƙoƙin Hausa na Nana Asma'u, haka za ki same su. Haka nan "motag gwamna" da "rigab Bello", da "wanga" da "wagga", da "shi na" a wurin "shi ne", kowanne yana da ƙa'idarsa da ba ta kuskurewa a bakin Basakkwace. Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne bisa karin Kano don a sami rubutu guda na makaranta da jarida, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta ƙara kafa ta. Zaɓi ne na aiki, ba hukunci ba ne cewa sauran kare-karen gurɓatattu ne. A jarrabawa da takardar ofis ki rubuta daidaitacciya, ki kuma ƙware a kanta. Cikin hira ki yi harshen gidanku.

Abin da aka yi miki kuma ina ganinsa kullum: mutum ya rasa amsar hujja sai ya kama karin harshen mai ita. Na fi jin zafi idan na ga 'ya'yan Sakkwato da kansu suna ɓoye Sakkwatancinsu a waya don tsoron wannan dariya, har wasu su dawo gida suna gyara wa iyayensu magana.

Daga Wamakko: Kalmar "inkonkulusib" ta zama Hausa?

Ta shiga baki tun zaɓen gwamna na 2019, da aka ce na Sakkwato bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna, aka rabu da tazarar ƙuri'a 342 tsakanin Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu. A raha ta zauna, har neman auren da ya tsaya ana kiransa haka. A rubutu "bai kammala ba" ya wadatar.

Wani dattijo daga Kanwuri: Malam, jikokina ba su san bunu ba, balle su gane "magana zarar bunu ce".

Gaskiya ne, Alhaji, kwano ya kori jinka. Bunu tsohuwar ciyawar rufin ɗaki ce da rana da ruwa suka cinye. Idan ka zaro ɗaya daga jinka ba ta komawa, kana turawa tana karyewa. Ka ce musu su tuna ranar da suka rubuta abu cikin fushi suka goge, suka tarar wani ya riga ya ɗauki hotonsa yana yawo da shi, za su gane nan take. Ka haɗa musu da "baki shi ke yanka wuya", don akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma an sha gurfanar da mutane a kan abin da yatsansu ya rubuta.

Daga Minanata: Sojan baka da ɗan amshin Shata duk ɗaya ne?

A'a. Sojan baka shi ke ƙirƙiro maganar ya kai hari ko ya kare ubangidansa, sunan kuma a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano ya yi ƙarfi kafin ya sauko waya. Ɗan amshin Shata ba ya ƙirƙirar komai, abin da aka faɗa yake maimaitawa, kamar masu yi wa marigayi Mamman Shata amshi. Wanda ke bin kowane rubutu na maigidansa da "haka ne, ranka ya daɗe" tun bai karanta ba, wannan ɗan kanzagi ne.